Gayyar Soɗin da Ta Haifi Ƙungiyar 'Yan Mata

Ranar 4 ga Satumba, 1909, 'yan sikawut kimanin 11,000 suka cika filin Crystal Palace da ke Landan. Shekara biyu ke nan da Robert Baden-Powell, hafsan sojan Birtaniya, ya kwashi yara maza zuwa tsibirin Brownsea ya koya musu kafa tanti, hura wuta da bin sawu. Yana cikin zagaya sahu a ranar taron sai ya yi kiciɓis da wasu 'yan mata sanye da hular sikawut. Babu wanda ya kira su, gayyar soɗi suka yi. Da ya tambaye su ko su wane ne, suka ce ai su ma 'yan sikawut ne.

Abin ya zame masa gaba kura baya sayaki. A Ingila ta wancan zamani abin kunya ne a ga budurwa tana tsalle-tsalle a fili, balle ta kwana a daji. Korarsu kuma ba za ta yiwu ba, don tuni dubbai irinsu suka yi rajista. Sai ya raba gari: a 1910 aka kafa musu ƙungiyarsu daban, ya damƙa ta a hannun ƙanwarsa Agnes. Sunan sikawut ma ya hana su, ya raɗa musu Girl Guides, wanda ya aro daga wata rundunar soja da ke gadin iyakar arewa maso yammacin Indiya. Littafin koyarwarsu na 1912 kuwa tun daga bangonsa ya tona manufar, wato a horar da 'yan mata su taimaka wajen gina daular Birtaniya. Najeriya tana cikin daular, kuma a 1919 ƙungiyar ta iso ta.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya rufe bakin masu gori. Hukumar leƙen asiri ta MI5 ta fara ɗaukar yaran sikawut maza aikin kai saƙo, amma surutu da wasa suka yi musu yawa, aka maye gurbinsu da 'yan mata. 

A Amurka wata bazawara mai matsalar ji, Juliette Gordon Low, ta tara 'yan mata 18 a birnin Savannah ranar 12 ga Maris, 1912, ta kafa musu irin wannan ƙungiya. Da kuɗi suka yanke mata, sarƙar lu'ulu'unta ta sayar ta ci gaba da ɗawainiya. A 1913 ta ajiye sunan da aka zo da shi daga Ingila, ta kira nata Girl Scouts. Aka yi juyin duniya ta canza, ta ƙi.

Olave, matar Baden-Powell, ta karɓi ragamar Girl Guides ta Birtaniya a 1918, ta yi ta yawon ƙasashe tana haɗa rassa. A 1928 wakilai suka taru a Parád ta ƙasar Hungary suka kafa uwar ƙungiya ta duniya, wadda yau take da mambobi kimanin miliyan 10 a ƙasashe fiye da 150. Da aka zo raɗa mata suna, dole aka jera biyun, gaid da sikawut, don Amurkawa ba su saki nasu ba.