Daga sandar makaho zuwa rumfar zaɓe: Abin da ya kamata a sani kan kayan tallafin masu buƙata ta musamman

Kayan tallafin masu buƙata ta musamman su ne duk wani abu da zai cike wa mutum gurbin abin da jikinsa ya gaza, domin ya yi karatu, ya nemi abinci, ya shiga jama'a ba tare da dogaro da wani ba. Sun haɗa da keken guragu, sandar makafi, tabarau, na'urar ƙara ji, ƙafar roba da manhajojin waya masu karanta rubutu da murya.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan kayan, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba sa samu. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 kacal na mabuƙata ne ke samu.

Rubutu da karatu

Louis Braille, Bafaranshen da ya makance tun yana ƙarami, shi ne ya ƙirƙiro rubutun makafi a 1824. Tsarin ya ginu a kan ɗigo shida masu tudu, waɗanda ake sarrafawa zuwa siffofi 63, ana shafa su da yatsa. A Najeriya, makarantar makafi ta Gindiri da ke Jihar Filato, wadda aka buɗe a 1953, tana cikin wuraren farko da aka koyar da shi.

Zuwan wayar hannu ya faɗaɗa wannan ƙofa. Wayoyin Android suna ɗauke da TalkBack, na iPhone kuma VoiceOver, duk suna karanta wa mai waya abin da ke fuskarta. A kwamfuta akwai NVDA, manhaja ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka haɓaka. Sai dai yawancin muryoyin ba don Hausa aka gina su ba, shi ya sa sukan kwaɓa ta, musamman haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ.

Zirga-zirga

Cutar shan inna ta bar tabo mai zurfi a Arewacin Najeriya kafin a tabbatar da kawar da ƙwayarta ta asali a watan Agustan 2020. Da yawa daga cikin waɗanda ta nakasa suna amfani da keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda guragu da kansu ke ƙerawa a birane irin su Kano. Wannan keke ya fi na asibiti jure rairayi da gargada, kuma duk mai walda zai iya gyara shi. Amma amfaninsa yakan ƙare a bakin matakala, domin ginin da ba shi da gangare a rufe yake ga mai keke ko da ƙofarsa a buɗe take.

Me doka ta ce?

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar haramta nuna musu wariya. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutum. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, alhali har yanzu ofisoshi, kotuna da makarantu da dama ba su da gangare. A ƙarƙashin dokar ce aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020.

A ranar zaɓe

A rumfar zaɓe ne rashin waɗannan kayan yake taɓa 'yancin ɗan ƙasa kai-tsaye. Makahon da ba shi da abin tallafi dole ya faɗa wa wani jam'iyyar da yake so, ya kuma yarda cewa an aza yatsansa a inda ya ce. Da haka sirrin ƙuri'a ya tafi.

Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya ba nakasasshe damar zuwa da mai taimako da ya zaɓa da kansa, ya kuma ɗora wa hukumar INEC nauyin samar da rubutun makafi, manyan haruffa da mai fassara maganar hannu. Hukumar tana amfani da wani jagoran ƙuri'a: kwali ne da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, an rubuta sunayen jam'iyyu da rubutun makafi, kowane suna da tagarsa ta dangwalawa. Akwai kuma gilashin ƙara girman rubutu domin zabiya da masu raunin gani, da fastocin bayani domin kurame.

Wannan jagora yana da iyaka, don ba ya amfanar makahon da bai koyi rubutun makafi ba, kuma irinsa ne suka fi yawa a karkara. Haka nan, ana raba kayan ne gwargwadon bayanan rajista, saboda haka wanda ba a rubuta nau'in nakasarsa ba yana iya tarar da rumfarsa babu komai. Ke nan batun ya faro ne tun daga aji da teburin rajista, tun kafin a kai ga akwatin zaɓe.