Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Faifan Garmaho a Zangunan Hausawan Gabas

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin faifan garmaho a garuruwan Fatakwal da Anacha da Inugu, inda Hausawa suka daɗe da kafa zanguna, domin mu ga yadda tsofaffin faya-fayan maƙwabtanmu suka sake rayuwa, namu kuwa suna nema su salwanta.

Fatauci ne ya kai kakanninmu waɗannan garuruwa, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa musu tafiya. A shekarar 1916 aka haɗa Fatakwal da Inugu da layin dogo saboda jigilar kwal, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta ba jirgi damar ƙetare Binuwai zuwa Arewa. Da haka 'yan tireda da dillalan shanu da mahauta suka yi ta sauka, har mayankar Trans-Amadi da ke Fatakwal ta zama matattarar Hausawa ta tsawon shekaru. Zaman ya yi ƙarfi ƙwarai, domin a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne ya fara riƙe muƙamin magajin garin Inugu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa wannan zama, amma da ƙura ta lafa sai fatake suka koma.

Komawar tasu ta zo daidai da bunƙasar sana'ar faifai a Gabas. A Anacha kamfanin Rogers All Stars ya fitar da waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976, wadda ta karaɗe Afirka. A nan ne kuma kamfanin Tabansi ya kafa ɗakin ɗaukar murya da masana'antar buga faifai. A Inugu, William Onyeabor ya gina tasa masana'antar, ya riƙa buga kiɗansa da kansa daga 1977 zuwa 1985. Fatakwal kuwa tana tinƙaho da Rex Lawson, wanda ya rasu a 1971.

Baƙon da ke zango yana jin waɗannan kaɗe-kaɗe a kasuwa da tasha, amma zuciyarsa tana gida. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faya-fayan makaɗan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, waɗanda kamfanoni irin su EMI suka buga. Idan aka ɗora allura bisa faifai a shagon tela ko a teburin mai shayi, kalangu ko kuntigi ya tashi, sai mutum ya ji tamkar yana Katsina ko Jos.

Zuwan kaset ya dakushe wannan kasuwa a shekarun 1980. Kaset ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ga shi ana iya kwafarsa a kowane lungu. Masana'antun faifai suka rufe ɗaya bayan ɗaya, aka jibge faya-fayai a ƙarƙashin gado, inda zafi ke lanƙwasa su, laimar kurmi kuma ke cinye kwalayensu.

A daidai lokacin da muke watsar da faifai, a Amurka matasa baƙar fata sun gano masa wani amfani. Tun daga 1973 a unguwar Bronx ta birnin New York, makaɗan hip-hop suka fara tsakuro ɗan gajeren kiɗa daga tsohon faifai suna maimaita shi, su ɗora sabuwar waƙa a kai. Wannan tsakure ya mayar da tsohon faifai haja mai tsada, ya sa masu tara faya-fayai suka bazama duniya suna tono. Tonon ya iso Gabas: a 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin Onyeabor, ya shahara a duniya kafin rasuwarsa a 2017, a 2019 kuma kamfanin BBE na Ingila ya soma sake buga faya-fayan Tabansi. 'Ya'yan yankin ma ba su yi barci ba. Flavour, haifaffen Inugu, ya gina waƙarsa Nwa Baby bisa Sawale ta Rex Lawson, Burna Boy, haifaffen Fatakwal, ya ɗosano daga Fela a waƙarsa Ye ta 2018.

To, ina namu? Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Galibin abin da muke saurare nasu a waya kwafi ne na kwafi, wanda sautinsa ya dusashe. Faifan asali ne ke riƙe da muryar a tsaftace, kuma shi ne ke ɗauke da sunan kamfani da lambar bugu, abubuwan da ɗalibin tarihin waƙa ba ya iya aiki sai da su. Duk faifan da ya fashe a Trans-Amadi ko a wani ɗaki a Anacha, wataƙila shi ne na ƙarshe irinsa.

Sai dai akwai hattara. Tsakure ba tare da izini ba cin haƙƙi ne. Manu Dibango na Kamaru sai da ya nemi haƙƙinsa daga Michael Jackson kan waƙarsa Soul Makossa ta 1972. A Nijeriya ma an sanya wa sabuwar dokar haƙƙin mallaka hannu a 2023. Matashin da zai tsakuro kalangun Shata wajibi ne ya nemi masu haƙƙin waƙar, ya ambaci mai ita, ya biya.

Daga ƙarshe, muna kira ga ɗalibanmu da iyayensu ke zaune a waɗannan zanguna, idan sun je hutu su tambayi dattawa ina tsofaffin faya-fayansu suke. A goge su, a jera su a tsaye a inuwa, a rubuta abin da ke jikinsu, a kawo wa Sashe domin a naɗe sautin a kwamfuta, sannan a mayar wa masu su kayansu.