Tsaron Zangon Kwatano Daga Zamanin Fatoma Zuwa Yau

Tun kafin a san sintirin mota ko lambar wayar 'yan sanda, tsaron Zangon Kwatano, wannan unguwa tamu da ke tsakanin babban masallaci da tashar jirgin ƙasa da hanyar da ta gangara bakin teku, yana hannun masu masauki ne, waɗanda muke kira fatoma. Baƙo idan ya sauko daga jirgin Faraku da albasarsa ko fatunsa, ko ya biyo shanu daga Malanbil, ba ya kwana sai a zauren wani wanda ya san ubansa ko ya san garinsu. Shi zai karɓi kuɗinsa ajiya, ya nemo masa dillali, ya ci la'adarsa, ya kuma tsaya masa lamuni a gaban kowa. Mahaifina yana cikin masu wannan sana'a, na kuwa tashi ina ganin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, da wani littafi mai bangon fata wanda yake rubuta amanar kowa a ciki da ajami, sunan mai ita da garinsu da adadinta, har da shaidu biyu. In aka yi sata, ba a nufar kwamisariya da fari; sarkin zango da liman su ke kiran fatoman wanda ake tuhuma, shi kuwa, da yake sunansa ne jarinsa, ya gwammace ya biya daga aljihunsa da a ce ɓarawo ya kwana a zaurensa.

Wannan tsari yana da aibinsa, domin talakan da ba shi da mai tsaya masa shi ne kullum abin zargi, mai dukiya kuwa akan rufa masa asiri fiye da kima. Amma dai babu mutumin da ke yawo a unguwa ba a san wanda za a tambaya game da shi ba.

Buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1965, da kayan Nijar da suka riƙa bi ta nan, suka cika Zango da direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako fiye da abin da zauruka za su ɗauka. Sa'an nan Janar Kereku, yana manjo a lokacin, ya karɓi mulki a 1972, aka kafa kwamitocin juyin juya hali a unguwanni, aka ɗora delege, wato wakilin hukuma, a inda dā maganar dattawa ce ke ci. Bayan da sojojin haya na Bob Denar suka afka wa Kwatano ranar 16 ga Janairu 1977, aka tsananta tsaron dare da shingaye da tambayar takardu, kuma a nan ne samarinmu suka koyi sintiri bisa tsari, wanda alheri ne. Sharrin da ya biyo shi ya fi daɗewa: saboda kai rahoton maƙwabci ya zama hanyar neman fada, jama'a suka ɗauki duk wata magana da hukuma a matsayin cin amana, har yau kuwa akwai dattijon da zai ga ɓarna da idonsa ya ce bai ga kome ba.

Shekarun da suka fi ba mu wuya su ne waɗanda suka biyo bayan durƙushewar bankuna da rashin biyan albashi a ƙarshen mulkin juyin juya hali, da kuma karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Babura suka cika gari, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, da rigunansu ruwan ɗorawa suna neman halaliyarsu, ɓarayi kuma suka gane cewa babur ya fi ƙafa saurin fizge jaka. Cinikin tsofaffin motoci ya kawo 'yan Nijeriya da damin kuɗi zuwa wurin 'yan canji a unguwar Jonke, aka fara hayar ɗaki na kwana ɗaya ba tare da tambayar suna ba. Da mutane suka ga ɓarawon da aka miƙa da safe ya dawo da yamma, sai suka koma ga taya da fetur, har a yankin Mono wani mai kiran kansa Kanar Debi ya yi suna a 1999 da ƙona waɗanda ake zargi. Malamanmu sun tsaya a kan cewa babu haddi sai da bayyina, babu mai zartar da shi sai hukuma, azabtarwa da wuta kuwa haramun ce ko ga wanda laifinsa ya tabbata. A kan wannan sharaɗi muka tsara gadin dare, kowane gida da karo-karonsa, kowane mai gadi da usur da tocila da gora, wanda aka kama a ɗaure shi a ƙofar mai unguwa har 'yan sanda su iso. Na ga wani dattijo ya shimfiɗa babbar rigarsa a kan wani yaro da aka riga aka rataya wa taya, ya ce a fara da shi, taron kuwa ya watse ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ɓarnar da ta fi ƙarfin gora. A watan Agustan 2003 Shugaba Obasanjo na Nijeriya ya rufe iyaka saboda motocin da ake sacewa a Legas a ƙetaro da su, aka kamo Hamani Tijjani, wanda ake zargi da wannan sata, a Bamako aka miƙa wa Nijeriya. A 2008 kuma 'yan fashi suka shigo ta ruwa a jirage masu inji suka far wa bankuna a kasuwar Dantokpa har sau biyu. Duk lokacin da irin wannan ta auku, Bahaushe da Bazabarme na Zango su ke kwana da zargi, alhali su ne suka fi kowa asara in hanya ta ɓaci.

Haɗe 'yan sanda da jandarmomi wuri guda a farkon 2018, zamanin Shugaba Talon, ya rage shingayen neman na goro, ya kuma ƙara sintiri, wannan gaskiya ce da ya wajaba a faɗa. Sai dai ɓarnar yau ta shige ɗaki: tramol, da sayen wayar sata, da damfara ta intanet, ga kuma samari 'yan dako da suka rasa aiki tun da iyakar Nijar ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Motar sintiri ba ta ganin abin da ke bayan ƙofa, mai gida ne ke gani.

Saboda haka ina roƙon masu gidajen haya na Zango Ehuzu da Zango Nima su koma rubuta sunan wanda suka saukar da wanda ya tsaya masa, ina kuma roƙon hukumar 'yan sanda ta riƙa zama da limamai da masu unguwa a kai a kai, ta tabbatar wa baƙon da ya kawo ƙara cewa za a fara sauraron ƙararsa kafin a tambaye shi takardar zama.