Labarin Malam Bowen da Iyalinsa

Ya ku 'yan'uwa masu bi na Parakou da Djougou, a wannan biki muna tunawa da waɗanda suka kawo mana Bishara. Amma akwai wani wanda ya nufo wajenmu tun kafin a haifi kakanninmu, bai kuwa iso ba. Sunansa Thomas Jefferson Bowen.

An haife shi ran 2 ga Janairu, 1814, a karkarar Jojiya, cikin kudancin Amurka, ƙasar auduga da masara. Ba ɗan birni ba ne, bai kuma yi doguwar makaranta ba. Yawancin iliminsa shi ya koya wa kansa. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga soja. A 1836 ya yi yaƙi da kabilar Kirik, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar suka ƙwace musu gonaki, daga nan ya wuce yaƙin Teksas. Ba mu yabon wannan sashi na ransa. Haka kuma ƙungiyar Baptis ta Kudu wadda ta aiko shi, gardamar riƙon bayi ce ta haife ta a 1845, gama mutanenta ba su yarda a hana mai bayi aikin mishan ba.

A 1840 ya tuba, ya karɓi Yesu Mai Ceto, ya shiga yawon wa'azi ƙauye ƙauye. Ya ji labarin manyan biranen Sudan, zuciyarsa ta kwanta a kansu. Su uku suka taso a ƙarshen 1849. Harvey Goodale ya mutu a Laberiya, Robert Hill ya tsaya can, Bowen kaɗai ya sauka Badagry a watan Agusta 1850.

A nan labarinsa ya taɓa ƙasarmu. Yana zaune Abeokuta, yaƙe-yaƙe sun tare masa hanya, sai ga Gezo sarkin Dahomey ya zo da rundunarsa, har da mayaƙa mata, ran 3 ga Maris, 1851. Tsohon sojan nan ya hau ganuwa tare da Egbawa yana ba su shawara, har aka kori Dahomawa. Ya kuma taka zuwa Ketu, wadda ke cikin ƙasar Benin yau, yana neman ƙofar arewa, bai samu ba. A zamanin nan kuwa ayarin fatake na tasowa daga Kano da jakuna, su sauka zangon Parakou da na Djougou, su wuce Gwanja sayen goro. Hanyar da madugai suka sani kamar tafin hannunsu, shi ya yi shekaru yana nemanta.

A 1853 ya koma gida ya auri Lurana Davis, 'yar Greensboro ta Jojiya, ya kawo ta Ijaye, garin Kurunmi. Abokan aikin da suka zo tare, Dennard da matarsa suka mutu, Lacy ya koma da ciwon ido. A 1854 Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Mary Yoruba. Ba ta yi shekara ba ta rasu, aka binne ta a Ijaye. Mu da muka san zazzaɓin damina da yadda yake ɗauke jarirai, ba sai an faɗa mana abin da uwar nan ta sha ba, ita kaɗai, nesa da danginta.

A 1855 suka kafa aiki a Ogbomosho. Ya tafi Ilorin ya roƙi izinin zama, gama nan ce ƙofar Nufe da Hausa, amma sarki ya hana. A 1856 ciwo ya mai da su Amurka. Can ya rubuta labarin tafiyarsa a 1857, da nahawu da ƙamus na Yarabanci a 1858. A 1860 ya gwada aiki a Burazil, sai hukuma ta yi zarginsa domin yana magana da bayi da Yarabanci, ya dawo a 1861.

Sauran kwanakinsa masu nauyi ne. Hankalinsa ya taɓu, ya yi ta yawo cikin talauci, sau da yawa ba ya tare da matarsa da 'ya'yansa. Ya mutu ran 24 ga Nuwamba, 1875, a gidan masu taɓin hankali na Milledgeville.

Bayan shekara 18, a 1893, Gowans da Kent da Bingham suka sauka Ikko da wannan niyya ta shiga Sudan. Biyu na fari suka mutu a 1894. Sai a 1946 ma'aikatan S.I.M. suka zauna Kandi, shekara 96 bayan saukar Bowen a Badagry, daga baya aikin ya iso Parakou da Djougou.