Tarihin Maganin Raunin Laka da Ƙwayoyin Tushe

Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ke bi ta cikin ƙashin baya, tana kai saƙon ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. In ta tsinke ko ta murƙushe, jiki kan shanye daga wurin raunin zuwa ƙasa. A Jiratawa da Tibiri da cikin garin Maradi an san wannan lalura a jikin waɗanda hatsarin kabu-kabu ko faɗuwa daga bishiya ya kwantar. Maɗori yana iya haɗa ƙashi, amma ba shi da ikon haɗa laka.

Wata takardar likitancin tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta sa wannan rauni cikin cututtukan da ba a yi musu magani. Haka aka zauna dubban shekaru. Ko Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, abin da ya cim ma shi ne raya majinyata ta hanyar yaƙi da gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Jijiyar kanta ta ƙi tsirowa.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama fata ko jini ko jijiya ba, don haka suna iya zama kowanne. A 1998 James Thomson ya ciro su daga ɗan tayin mutum a Amurka, kuma nan take malaman addini da ƴan siyasa suka tayar da jijiyar wuya. Kamfanin Geron ya fara gwada su a kan masu raunin laka a 2010, ya kuma daina a 2011 saboda matsalar kuɗi.

Mafita daga gardamar ɗan tayi ta fito daga Jami'ar Kyoto a Japan. A 2006 Shinya Yamanaka ya nuna cewa in aka cusa ƙwayoyin gado guda 4 cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta koma matsayinta na farko tamkar ta ɗan tayi. A 2007 ya maimaita haka da fatar mutum. Ana kiran irin waɗannan ƙwayoyi iPS. A 2012 ya raba kyautar Nobel da John Gurdon na Ingila, wanda tun 1962 ya nuna da kwaɗi cewa ƙwayar da ta girma ba ta rasa bayanan asalinta ba.

Sai dai ƙwayar da ke iya zama komai tana iya zama ƙari, kuma ƙari a cikin laka masifa ce da ta fi ta farko. Wannan tsoro ne ya sa Hideyuki Okano da Masaya Nakamura na Jami'ar Keio a Tokyo suka shafe shekaru suna gwaji a kan ɓeraye da ƙananan birai. Gwamnatin Japan ta ba su izinin gwaji a kan mutane a Fabrairun 2019, aka yi tiyatar farko a Disamban 2021. An zaɓi waɗanda suka ji rauni makonni 2 zuwa 4 kacal, kuma suka rasa motsi da jin taɓawa gaba ɗaya. Kowanne an zuba masa ƙwayoyin iPS kimanin miliyan 2 a wurin raunin, waɗanda aka riga aka karkata su zuwa zama jijiya, tare da maganin hana jiki ƙin baƙon abu.

A Maris 2025 aka bayyana sakamako. Cikin mutum 4, biyu sun samu sauƙi: ɗaya ya miƙe tsaye da kansa har ya fara koyon tafiya, ɗayan ya dawo da ɗan motsi a hannu da ƙafa. Sauran biyun ba su ga canji sosai ba. Ba a ga mummunar illa daga ƙwayoyin ba cikin shekara guda.

Jaridu sun yi ta shewa, amma mutum 4 ba su isa hujja ba, musamman da yake wasu masu sabon rauni kan farfaɗo kaɗan ko ba magani. An tsara gwajin ne don a gane ko dashen ba ya cutarwa. Duk wanda ya ce wa iyalin majinyaci su sayar da gona don zai yi masa wannan allura yau, ya yi musu ƙarya, domin har yanzu a matakin bincike take.