TSADA

tsā̀dā (ƙasa-sama) *sn., mc.*, ba jam'i.

1. Hawan kuɗin kaya fiye da yadda aka saba: *Shinkafa da sukari sun yi ~ a Kasuwar Singa.*

2. ~r rayuwa: halin da abinci, haya da kuɗin mota suka fi ƙarfin samun magidanci: *~r rayuwa ta tsananta a Fagge da Sabon Gari bayan cire tallafin man fetur, 29 Mayu 2023; an yi zanga-zangar ~r rayuwa a Kano, 1 Agusta 2024.*

3. Wuyar samuwa: *murmushi mai ~.*

*Sif.* tsā̀daddē, *mc.* tsā̀daddiyā, *jam.* tsā̀dàddū.

*Kishiya:* àràhā.

*Duba:* farashi, hauhawa, ɓoye kaya.