Tarihin rumbu da goyo a ƙasarmu, daga Kakalaba zuwa zamanin biskit



Duk shekara idan kaka ta yi, aka fara tara gudummawar ƴan ci-rani, gardama guda ce ke tashi tsakaninmu. Wasu su ce a sayi hatsi a zuba mangaza, a jira damina. Wasu su ce a raba wa mabuƙata nan take, kowa ya huta. Idan kuwa mata suka kawo maganar wurin da za a riƙa tsaron yara ƙanana lokacin noma, sai a ce musu wannan ba aikin ƙungiya ba ne, sha'anin cikin gida ne. To, kafin a sake wannan gardama, mun ga ya kyautu mu waiwaya, mu duba yadda aka yi ta gwada ciyar da jama'a a ƙasar nan cikin shekara ɗari da ƴan kai, mu ga wanda ya ci da wanda aka manta.

A zamanin kakanninmu gandu shi ne ƙungiya. Maigida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma gona guda, ana zuba dammuna rumbu guda, ana ci daga tukunya guda. Mace da saurayi kowa na da gamanarsa, yana yi mata aiki ranakun da ba na gandu ba. Gida mai ƙarfi yakan ware rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci, domin hatsin da aka ajiye da zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Ga zakka, dami guda cikin goma. Ga gayya, wadda ake kira wa wanda ciwo ya kwantar ko aiki ya fi ƙarfinsa. Yara ma haka aka yi musu tanadi. Idan lokacin yaye ya yi sai a kai yaro wurin kakarsa, ta yi ta lallashinsa da kunu da fura har ya manta nono. Wadda ba ta haihu ba a ba ta riƙo, wanda ƴaƴa suka yi wa yawa a rage masa. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, amma kowa ya san inda maraya zai kwana.

Kada dai mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Wannan tsari yana ɗaukar gida guda ko biyu da suka faɗi. Idan gari duka ya faɗi, ba mai ɗaukar wani. Abin da ya faru ke nan a Kakalaba. Ruwa ya ƙi zuwa a daminar 1913, yunwa ta sauka a 1914, mutanen Damagaram da Damargu suka yi ta kwarara kudu, wajen Kano da Katsina, da yawa ba su kai ba. Aka ci anza da jiga, aka tona gidan tururuwa neman ƙwaya, aka sussuke ƙarangiya. Nasara kuwa bai daina karɓar bodo ba.

Bayan wannan sai fara ta cinye amfanin gona a 1930, yunwa ta biyo baya a 1931. Ita ta fi tsanani a yammacin ƙasa, wajen Yamai da Dosso da Filinge, inda dubban mutane suka mutu. Abin ya kai har Faransa ta aiko mai bincike, aka kuma canja gwamna. Daga nan ne aka ƙarfafa dokar rumbunan ajiya na tilas. Kowane maigida sai ya kai hatsi gwargwadon yawan iyalinsa, a jera rumbuna a bakin gari, a rufe, ba mai buɗewa sai da izinin kwamanda. A takarda dabara ce mai kyau. Amma a ƙauye mutum na kallon hatsinsa da idonsa, ƴaƴansa na kuka, ba shi da ikon ɗibar ko tiya guda, ga gardi da dogarai kuma suna shiga tsakani. Shi ya sa talakawa suka lissafa rumbunan nan tare da aikin tilas, wanda aka soke a 1946, kuma da ƴancin kai ya matso aka watsar da su ba wanda ya yi kuka. Dattawan da suka ji labarin daga bakin iyayensu, har yau idan aka ce a tara hatsi wuri guda sai ka ga sun ɗaure fuska. Ba rowa ba ce, tuna baya ne.

Bayan 1960 hankali ya koma kan gyaɗa. Aka kafa SONARA da UNCC a 1962, gonakin Maraɗi da Damagaram suka cika da gyaɗa, kuɗi suka shigo, bodo kuma ya ƙaru. A nan ne gandu ya fara tsagewa, domin saurayin da ya riƙe kuɗin gyaɗarsa a hannu ba ya son jiran maigida. Aka kafa OPVN a 1970 don ta saye hatsi ta ajiye wa ƙasa, amma fari ya riga ya kama hanya. A 1973 da 1974 dabbobi suka ƙare, Buzaye da Fulani suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai, jar dawar taimako ta zo daga Amurka, aka yi ta zargin manya da karkatar da ita kasuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma aikin farko da Seini Kunce ya sa gaba shi ne rabon abinci da motocin soja. Shi ne kuma ya farfaɗo da samariya, aka koma noman gonar gari da gina ajin lakkol da gayya. Shekara guda bayan haka, a 1975, ciwo ya kama gyaɗa, ba ta sake komawa yadda take ba.

Yunwar 1984 ita ce ƴan ci-rani suka fi ji a jikinsu. A da idan gida ya ɓaci sai a tsallaka Jibiya ko Daura a nemo. A wannan shekara kuwa Janar Buhari ya rufe iyaka a watan Afrilu, ya canja takardun naira, ba a buɗe ba sai Maris 1986, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnati ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi. A shekarun nan ne kuma furoje-furoje suka yaɗa bankin hatsi, dabarar da aka fara gwadawa a Haute-Volta, watau Burkina ta yau: a sayi hatsi da kaka yana da araha, a sayar wa ƴan gari da damina da sauƙi, don a raba talaka da bashin nan da ake kira a ci ba daɗi, inda za ka karɓi tiya guda ka biya biyu ko fiye.

Bankunan nan da yawa sun mutu, kuma kowa a nan ya san ciwon da ya kashe su. A ba da bashi ga ɗan'uwan shugaba, kunya ta hana a tambaye shi. Mai ajiyar kuɗi ya ranta ya yi biki da niyyar mayarwa. Wata shekara farashi ya ƙi tashi, a sayar da hasara. Wata shekara rabon kyauta ya zo daidai lokacin da za a buɗe mangaza, ba mai saye. Mai furoje ya tafi, ya bar gini da allo mai ɗauke da sunansa, ciki kuwa sai jemagu. Waɗanda suka daɗe su ne inda ake sayarwa da tiya, kuɗi hannu, ake kuma ƙirga buhuna a gaban jama'a. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi. Asusu ne irin wanda iyayenmu mata suka saba, sai dai an yi masa akwati da ƙa'ida: zubi kowane mako, bashi da ɗan riba, a ƙirga kuɗi a idon kowa. Ba a kawo musu jari daga waje ba, kuma a ganinmu shi ya sa abin ya rayu, har ya bazu ƙasashe da dama na Afirka.

Duk wannan tarihi da muka zano, ku lura, maganar hatsi ake yi, buhu nawa, tan nawa. Ba wanda ya tambayi abin da ke shiga bakin yaro ɗan wata goma. Shekarar 2005 ce ta tilasta wannan tambaya. An yi ƙarancin ruwa da fara a 2004, farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba, gwamnati ta fara da sayarwa a farashi mai rahusa, ba a soma rabon kyauta ga jama'a ba sai wajen watan Agusta. Shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasa. Ta wata fuska kasuwanni na bayansa, domin hatsi na nan jibge ga mai kuɗi. Amma a shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, kuma mafi yawansu ba daga arewa mai fari suka fito ba. Daga jihar Maraɗi suka fito, wadda ake kira rumbun ƙasa.

Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin gidajenmu. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Gonaki suka tsattsage, kuma idan gona ta yi kaɗan gamanar mace ake fara karɓewa. A kudancin Maraɗi akwai garuruwan da mata matasa ba su taɓa riƙe hauya a gonar kansu ba. Ga kuma al'adar da mu ƴan ci-rani muka fi kowa sani: da an gama girbi maigida ya auna wa mata ɗan abin da ya auna, ya rufe rumbu don aikin damina, ya kama hanyar Kano ko Legas ko Agadas. Rufe rumbun ba mugunta ba ce, domin idan aka cinye da rani ba ƙarfin noma. Amma wata biyar ko shida mace ce ke ciyar da yara da akuyarta da ƙuli-ƙulinta. Idan damina ta faɗi kuma, ita ce gona, ita ce rijiya, ita ce itace, ita ce daka. Yaron da aka yaye da wuri saboda wani ciki, kakar da za a kai shi wurinta ita ma tana fama da kanta. Sai a bar shi hannun yarinya ƴar shekara bakwai da ƙwaryar fura tsararo, wadda babba zai sha ya ƙoshi amma cikin yaro ba ya ɗaukar abin da zai ishe shi. Zazzaɓin cizon sauro da zawo su same shi a haka, cikin watannin nan guda da hatsi ya fi tsada. Rumbu cike a bayan gida bai hana wannan ba.

Maganin da ya ceci yaran 2005 shi ne abin da mata suka sa wa suna biskit, watau Plumpy'nut: gyaɗa niƙaƙƙiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, cikin ƴar leda. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, daga baya kamfanin STA ya riƙa yin sa a Yamai. Abin dariya abin kuka, gyaɗar da iyayenmu suka yi ta lodawa zuwa Faransa ita ce ta komo ta tashi jikokinsu. Amfaninsa shi ne uwa na iya ba yaro a gida, ba sai ta kwana wata guda a likita ta bar gona da sauran ƴaƴa ba. Daga 2006 aka yi dokar jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake biyan likitocin kuɗinsu ya yi ta jinkiri, magani ya riƙa yankewa. A 2013 da 2014, a ƙasar Mirya, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka koya wa iyaye mata auna dantsen yaro da ɗan tsiri mai launi uku, kore da rawaya da ja. Idan awo ya kasa milimita 115, ja ke nan, a kai shi likita ranar nan. Aka tarar matan da ba su shiga lakkol ba suna aunawa daidai kamar ma'aikatan da aka horar, kuma suna kawo yara tun ciwo bai yi nisa ba.

To, ga inda muka tsaya game da gardamarmu. Rabon kyauta da kaka ba mu goyi bayansa ba, domin lokacin kowa na da abin ci, kuma hatsin zai koma kasuwa. A zuba mangaza, a buɗe daga watan Yuni, a sayar da tiya ba da buhu ba, kada mai kuɗi ya kwashe. Gidan marayu da na tsoho marar mai noma masa a ware musu kaso tun farko, a faɗi sunayensu gaban liman da maigari, kada abin ya koma bashin da ba a biya. Mabuɗi ya zama uku, guda a hannun mata, kuma matan su zaɓi mai riƙe shi da kansu.

Maganar tsaron yara kuwa, ba gini ake buƙata ba. Rumfa ce mai inuwa a cikin gari, da tsofaffi mata biyu ko uku da za a riƙa biya da hatsin mangaza, daga shuka zuwa girbi. A dama wa yara kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli ko wake sau biyu kafin iyayensu su komo daga gona, a ajiye tsirin awo da gidan sauro a wurin. Masu aiko da kuɗi daga Kano da Abijan da Libiya, muna roƙonku wannan karo kowa ya faɗa wa mai karɓa ko jika nawa ya ware wa rumfar yara, a rubuta ta dabam da kuɗin hatsi, don a karanta lissafin biyu ranar taro.